Shirun da na yi a Kasuwar Dole

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abu ina fasawa, don akwai wurin da in na zo sai hannuna ya yi nauyi, amma jiya da dare bayan na aje moto nace ko me zai faru sai na fidda shi daga cikina. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su.

Ni haifaffen Birni ne a nan Damagaram, cikin lungunan da ba su da nisa da fadar sarki. Baba baduku ne, jakunkuna da takalma da kube yake ɗinkawa, Inna kuma ƙosai take soyawa da safe a ƙofar gida. Duk wanda ya tashi a Zinder ba sai an ba shi labarin ruwa ba. Lokacin bazara pampo in ya ga dama ya zo sai tsakar dare, Inna ta tashe mu ƙarfe uku mu ɗauki bido mu je mu bi layi, ido na rufewa ƙafa na ciwo, wani lokacin ka kai bakin pampon ruwan ya ɗauke a gabanka. To in mun samo, kafin a zuba ko ɗigo a randarmu sai Inna ta sa na kai bido guda gidan wata tsohuwa makauniya da ke maƙwabtaka da mu, ba danginmu ba ce ba komai ba. Abin nan yana ci mini rai sosai. Wata rana nace Inna mu da muka kwana a layi ba mu yi wanka ba, ita da ta kwana tana barci ita za ta fara sha? Inna ba ta ɗago daga kaskon ƙosai ba tace kai dai kai mata, alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. A lokacin maganar tsofaffi kawai na ɗauke ta.

Shekarar 2005 ita ce ta juya gidanmu. Damanar da ta gabata fari da fara sun cinye gonaki, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, mutanen ƙauye suka cika gari suna neman abin da za su ci, har anza aka ci a wasu wurare. Wa zai sayi jakar fata yana jin yunwa? Aikin Baba ya tsaya cak, ga ciwo ya kama shi, ni kuma a shekarar na faɗi jarabawar BEPC ta gama koleji. Baba ya rasu kafin kaka. Ban koma lakwal ba, wani abokin Baba ya kama hannuna ya kai ni wurin wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kasuwar Dole, yace ga maraya nan amana.

A shagon na tarar da wani yaro, na girme shi da kamar shekara uku. Daga wani ƙauye na wajen Mirya aka kawo shi karatun allo, da ya ɗan tasa sai ya maƙale a shagon yana shara yana ɗaukar dila yana kwana a bakin ƙofa. Yaya yake ce mini. Da yake na yi boko ni aka ba littafin lissafi da makullin akwati, shi ko sai aikin ƙarfi, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba. In aka aiko da tuwo daga gidan Alhaji sai ya tura mini inda naman yake yace yaya kai ne mai aikin ƙwaƙwalwa. Yana da wata buta shuɗiya da ta tsage ya liƙe ta da wuta, da wani bargo, su ke nan dukiyarsa a duniya.

Azumin 2007 ne, sallah ta matso, kasuwa ta buɗe kuɗi na shigowa. Ƴan fadarmu kowa ya yi salula ni ban da, ga wata yarinya da nake so ina jin kunyar zuwa wurinta hannu wofi. Na buɗe akwati na zari jika 40, nace a raina bayan sallah zan riƙa mayarwa kaɗan kaɗan ba wanda zai sani. Ashe Alhaji yana da nasa lissafin a kai. Ana saura kwana uku sallah bayan an sha ruwa ya rufe ƙofar shago da mu a ciki, ya ƙirga kuɗi sau biyu, sannan ya dube ni yace ina jika arba'in? Wallahi har yau ina jin ƙarar fankar da ke juyawa a lokacin. Ban ce yaron ne ya ɗauka ba, wannan shi ne abin da na yi shekaru ina lallashin kaina da shi. Abin da nace kawai shi ne, Alhaji ni dai da na tafi sallar la'asar shi na bari a shago. Daga nan na yi shiru.

Alhaji ya kwaɗa masa mari, ɗan Alhaji babba ya cire bel. Yaron yana ta rantsuwa yana cewa a kawo Alƙur'ani ya dafa, aka zazzage bargonsa ba a ga komai ba aka ce ai ya riga ya aika ƙauye. Maƙwabtan shago suka taru ana cewa dama almajiran nan haka suke. Ni ina tsaye, kuɗin suna cikin aljihun wandona na ciki, ina jin su a jikin cinyata. Da aka gaji aka ce ya bar kasuwar kar a sake ganinsa, ya duƙa ya naɗe bargonsa ya ɗauki butar nan, ya zo daidai inda nake ya tsaya ya kalle ni. Bai zage ni ba, bai ce Allah ya isa ba. Yace yaya sai wata rana. Ya fita.

Na sayi salular. Yarinyar ma ba ita na aura ba.

Abin da zai ba ku mamaki, bayan wannan sai duniya ta yi ta buɗe mini. Alhaji ya ƙara yarda da ni, ya fara tura ni Kano sari, in bi ta Matameye in tsallaka Ɗan Barto in ratsa Daura in kwana a Kano, da safe in shiga Kantin Kwari in ɗauro kaya. A 2013 ya sallame ni da jari na kama nawa shagon, 2015 na yi aure, 2016 naira ta faɗi sefa ta yi daraja, mu masu sari daga Kano muka ga riba irin wadda ba mu zata ba. Na sayi fili, na sake wa Inna ɗaki da siminti, na fara ɗinka shadda mai tsada ina zama gaban sahu. Yaron nan in ya faɗo mini a rai sai in ba wani almajiri dala ashirin in ce na yi sadaka Allah ya yafe. Har na fara yarda cewa abin ya wuce, tunda ga shi Allah sai ƙara mini yake.

Watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Da farko mun ɗauka abin sati biyu ne, sai ga shi wata ya bi wata, shago yana ƙarewa ba kayan zubawa. Ina da wani aboki tun na ƙuruciya, tare muka yi layin pampo, yace shi ya san hanyar daji kuma yana da mutane, in tattaro abin da nake da shi ya shigo mini da kaya kafin kowa ya farga. Kwaɗayi ya ja ni. Na kwashe jarina kaf, na karɓi kuɗin ƴan kasuwa huɗu da suka yarda da ni, har da kuɗin adashen matan unguwarmu da ke hannun maiɗakina, duka ya kama miliyan 6 da ɗoriya. Na damƙa masa a cikin shagona da dare, ba takarda ba sa hannu, sai wani maƙwabcin shagona guda da ke zaune yana shan shayi a wurin. Kwana goma sai ga kira wai an kama kaya a hanya. Bayan sati salularsa ta daina shiga. Na je gidansu aka ce ya yi tafiya ba a san ina ba.

Masu kuɗi suka taso, kuma da gaskiyarsu. Aka zauna gaban manyan kasuwa, nace ga wanda na ba, ga ranar, ga wanda yake wurin. Aka kira maƙwabcin nan nawa, mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya shekara shida. Ya zauna ya sunkuyar da kai, aka ce me ka sani? Yace ni dai na ga sun shiga shago sun fito, ban ga kuɗi ba. Daga nan ya yi shiru.

Ƴan uwa, bansan yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Mutane suna ta hayaniya a kaina ana cewa na ci amana na ɓoye kuɗi, wani yana cewa a kai ni wurin jandarma, ni kuwa ba na jin su, abin da nake gani kawai butar nan shuɗiya. Maganar da mutumin ya yi kusan ita ce tawa, har yadda ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki in ce a kawo Alƙur'ani in dafa sai na tuna wa na taɓa ji ya faɗi haka, bakin ya mutu. Shekara goma sha biyu cif. Yaran yanzu suna cewa karma, mu abin da muka tashi muka ji shi ne alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi, kuma ranar na san kwikwiyon nan bai taɓa ɓatan hanya ba, yana bayana duk zuwa Kanon da nake.

Na sayar da fili, na sayar da sauran kayan shago da shagon kansa, maiɗakina ta fidda gadonta da ƴan kunnenta aka biya matan adashe. Duk da haka bashi bai ida ba. Sai ga korona a 2020 ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Lokacin da aka buɗe iyaka a Disamba 2020 ni ba ni da ko kuɗin motar Matameye. Wani ƙanin Inna ya tsaya mini aka ba ni moto bashi na fara kabu-kabu. Watannin farko rawani nake naɗawa in rufe fuska har ido, ba don ƙura ba, don kar wanda ya san ni ya gane ni, kuma ba na yarda in bi ta bakin Kasuwar Dole ko nawa za a biya. In na dawo gida ba na magana da kowa, yara in sun ji ƙarar moto sai su shige ɗaki. Maiɗakina ta yi haƙurin da ban san da me zan biya ta ba, mata suna yi mata habaici a gidan biki tana dawowa ta dafa mini abinci ba ta ce komai ba.

Wani dare na kasa barci na tafi Birni wurin Inna, na tarar tana lazimi, na zauna bakin tabarmarta na faɗa mata komai, abin da ban taɓa gaya wa wani mahaluƙi ba. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, carbi kawai ke tafiya. Can tace ɗan mutane, da azumi a bakinsa. Sai hawaye. Wallahi da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Tace kuɗin da aka cinye maka ka bar wa Allah, amma wancan ba naka ba ne balle ka bar wa Allah, haƙƙin bawa sai bawan ya yafe, ka tashi ka neme shi. Nace to Inna. Amma sai da na ƙara shekara uku ina cewa gobe, kullum da dalilina, yau ba kuɗin mai gobe ban san ƙauyen ba, gaskiyar ita ce tsoro nake ji.

Sai dai tun daga daren wani abu ya sauya a yadda nake kallon abin da ke samuna. Da can ko taya ce ta yi faci sai in wuni ina tsaki ina ganin duniya ta tsane ni. Da na daina ganin kaina a matsayin wanda aka zalunta kawai sai idona ya fara ganin wasu abubuwa. Akwai ranar da ƙusa ta huda mini taya da sassafe a Sabon Gari, lokacin da ake samun fasinja, na tura moto har wurin mai faci raina a ɓace. Ina zaune kan benci sai wata malama ta zo tana neman wanda zai kai ƴaƴanta biyu lakwal don mai kai su ya saɓa mata, nace in za ki jira minti goma. Ta jira. Yaran nan shekara huɗu ke nan ni ke kai su ina ɗauko su, kuɗin wata da take ba ni da shi na gama biyan moto. Wata rana kuma mai ya ƙare mini nesa da ƴan ruwa-ruwa, ina turawa cikin rana sai wani dattijo ya kira ni inuwa ya ba ni ruwa, muna hira ashe ya san Baba, ya shiga gida ya fito da wata jaka da Baba ya ɗinka masa tun kafin a haife ni, ɗinkin bai ko motsa ba. Na riƙe jakar nan ina shinshina ta kamar yaro. Ba ni da ko abu ɗaya na hannun Baba sai ranar, don dattijon cewa ya yi in tafi da ita.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka sa wa ƙasa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka sake rufe iyaka. Maiɗakina lokacin ƙanƙara da zoɓo take yi a firjin da ta samu da ƙyar, shi ke riƙe cefane, wuta ta zama sai an gani, sana'ar ta mutu. Na ce shi ke nan an koma baya. To da yake ba wuta ba tele, ɗaki kuma ba ya shiguwa don zafi, sai muka koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida kowane dare. A nan wata rana na miƙa wa babban ɗana littafinsa nace karanta mini, na haska masa da fitilar salula. Yaron ya yi ta kallon takarda yana motsa baki. Ashe bai iya haɗa ko baƙi biyu ba, haddace abin da ƴan aji ke faɗa kawai yake, kuma tsoron fuskata ya hana shi gaya wa kowa. Ina gida ɗaya da ɗana ban sani ba. Daga daren kullum bayan isha'i sai mun zauna, ina rubuta masa baƙaƙe da gawayi a jikin bango yana bi, ƙannensa suna leƙe suna dariya. Kafin a ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 yana karanta shafi guda ba tsayawa, kuma yanzu in ya ji ƙarar moto shi ke rugowa ya buɗe mini ƙofa. Da wutar nan ba ta ɗauke ba ban san yaushe zan lura ba.

A nan ina so in tsaya in faɗi wani abu don kar a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake duk wanda masifa ta samu alhaki ne ke bin sa ba, Allah ya tsare ni da wannan magana. Inna ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba amma ta yi takaba da ƙuruciyarta ta raini marayu da kaskon ƙosai. Damanar 2024 ruwa ya rushe gidajen bayin Allah da yawa a garin nan, har tsohon masallacin Birni da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye ya faɗi a watan Satumba, wa zai ce laifin wani ne? Jarrabawa daban, sakayya daban, kuma ba ni da ma'aunin da zan auna na wani. Nawa kawai na sani, don ni na san abin da na shuka, kuma na gane shi da ya tsiro.

Bayan ƙaramar sallar 2024 Inna ta kwanta ciwo, na je duba ta tace ka je? Na sunkuyar da kai. Tace kar ka bari in tafi da wannan a raina. Lahadin da ta biyo na hau moto na nufi Mirya ranar kasuwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ita na yi shekaru ina gudu. Sunansa kawai na sani da sunan malamin da ya yi karatu wurinsa. Na yi ta tambaya wurin masu kayan garka har la'asar, sai wani mai tumatir yace ai ka ce mai salati, ga ƙauyensu can. Na same shi cikin garka ya naɗe wando yana ban ruwa, ya yi ƙiba kaɗan gemu ya fito. Na yi sallama ya ɗago, ko daƙiƙa biyu bai yi ba yace yaya, kai ne?

Ƙafafuna suka kasa ɗaukata na durƙusa cikin laka. Nace ni na ɗauki kuɗin nan. Yace na sani ai, tun ranar na sani, na ga lokacin da ka buɗe akwatin. Nace me ya hana ka faɗa? Yace wa zai yarda da ni, kuma kai maraya ne Inna na jiran abin da za ka kai mata, ni ko ina da gidan da zan koma. Ya kama hannuna ya kai ni gindin mangwaro ya shimfiɗa buhu muka zauna. Yace yaya korar nan da aka yi mini alheri ce ta zame mini, da na dawo na tarar da babana ba lafiya ba mai ban ruwa, garkar ta kusa mutuwa har ana maganar sayarwa, ni na yi jinyarsa shekara biyu ya cika a hannuna yana sa mini albarka, ga garkar yanzu ita ke ci da mutum goma sha ɗaya, da ina Dole har yau ina jin dila nake ɗauka. Har na fara jin sanyi a raina sai ya yi shiru yana wasa da wani kara a ƙasa. Yace abu ɗaya ne kawai, labarin ya riga ni isowa ƙauye, tsohuwata har ta rasu in kuɗinta ya ɓata a ɗaki sai ta kalle ni. Ba ta taɓa furtawa ba amma ina ganin kallon.

Wannan ba ni da abin da zan biya shi da shi. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, na kuma yarda har zuciyarsa ya faɗa, amma matar nan tana cikin kabari da zargin ɗanta kuma ni na sa mata shi, wannan zan tafi da shi har nawa kabarin. Na fiddo jika 40 da na tara na miƙa masa, ya ture hannuna yace ai ba kuɗina ba ne, na Alhaji ne, kai masa.

Zuwa wurin Alhaji ya fi mini wuya fiye da zuwa Mirya. Ya tsufa ido ya yi rauni, yana kwance a zaure, mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa ya yi mini jari. Na faɗa masa a gaban ɗan nasa da ya cire bel ranar. Alhaji ya yi salati ya fi a ƙirga, sannan yace kai ka yi sata, ni na yi zalunci, hannuna ne ya mare shi. Yace a nemo mota. Ranar juma'a muka tafi mu uku, bayan an sauko daga masallacin ƙauyen Alhaji ya sa aka tsayar da jama'a gaban maigari, aka riƙe shi ya miƙe yace yaron nan bai taɓa ɗaukar mini ko dala ba. Ni kuma na tashi na faɗi wanda ya ɗauka, da bakina, gaban mutanen da ban taɓa gani ba. Wasu tsofaffi suka yi ta kabbara, ƙanwarsa tana bayan danga tana kuka. Jika arba'in ɗin Alhaji ya ƙara nasa a kai aka sayi siminti aka gyara bakin rijiyar garkar. Da na dawo na gaya wa Inna ta ɗaga hannu tace alhamdulillahi yanzu ka zama ɗan babanka. Ta samu sauƙi, tana nan da ranta, sai dai ta bar ƙosai ƙanwata ta karɓa.

Abokin nan nawa da ya tafi da kuɗi, mutane suna yawan kawo mini labarinsa suna jiran su ji na yi masa baki. An ce yana wata ƙasa ya yi gida ya yi mota. Ba na jin komai in na ji, don ni ma na yi shekara goma sha biyu ina shadda ina gaban sahu. Addu'ar da nake masa ita ce Allah ya sa ya waiwayo da ƙafarsa tun waɗanda zai nema suna raye. Maƙwabcin shagona kuwa mun haɗu wajen wata jana'iza ya kasa haɗa ido da ni, ni na fara miƙa masa hannu, don na san abin da ke cikin cikinsa fiye da kowa.

Har yanzu da sauran bashi a kaina, mutum ɗaya ya rage cikin huɗun, ina ba shi jika goma duk wata. Rawanin na daina rufe fuska da shi, bakin Kasuwar Dole ma nan nake tsayawa jiran fasinja. Sau uku a sati ina tashi kafin asuba in tafi garkar in ɗauro salati da kabeji da tumatir in kawo wa masu sari a gari, shi ya nemi in riƙa yi masa kuma yana biyana kamar yadda zai biya kowa, na ce ya bari ya ƙi. In na gama ɗaure kaya sai ya cusa wani ƙulli daban a gaban moto yace yaya wannan na Inna ne. Jiya ma ya ba ni, da ɗanyen mangwaro guda biyar wai na yara.